Facin Mahfuza da Sunan Ubanta

"Na ce ba da sunana ba! Ko sai na yi miki da Turancin naku sannan za ki ji?"

"Baba, to sai a ɗauki aikina a sa masa sunan wani? Ko tambayata ba a yi ba?"

"Ni na ce ya sa. Ni na kira shi, ni na ce ya tura. In laifi ne ki ɗora mini, ki bar ɗan mutane."

Mahfuza tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, ta rungume laftof a ƙirji kamar wadda aka ce za a ƙwace mata jariri. Ɗankwalinta ya zame har tsohon kitson ya fito, ba ta ma sani ba. Atamfar nan ce shuɗiya mai zanen ganye a jikinta, wadda ta koɗe a kafaɗa, wadda na sha ce mata ta bar wa masu wanke-wanke. Ubanta kuwa shigowarsa ke nan daga sallar azahar, carbi na lilo a hannunsa.

Ni ina gindin bedi, wato dogon yaro, a kan tabarma ina ɓarar gyaɗa. Kaina a ƙasa, kunnena a sama.

"Ba mai karanta wurin nan sai masu aikin, Baba. 'Yan daji ba su da imel."

"Su ba su da shi. Amma yaran garin nan masu latsa waya daga safe har dare fa? Ɗaya ya gani, gobe hotonki na yawo: 'Yar Ruma ta ɗaga sunan Katsina! Jibi wani ya kai labari daji, ya ce akwai gidan da ɗiyarsu ke aiki da Turawa. Ke kin san abin da ke biyo baya."

Gidan ya yi tsit. To ni kuma Allah bai halicce ni da jure shiru ba.

Na ce, "Ke yarinya, in ubanki na rowar sunansa, ga nawa nan a ajiye ba ya aikin komi. Zuwairatu. Wa zai shigo gari da bindiga saboda tsohuwar da ko tuwon dawa sai an jiƙa mata? In ma sun ɗauke ni, kafin magariba za su maido ni har da kuɗin mota, saboda surutu."

"Iya, don girman Allah. Ba wasa ake yi ba," in ji ubanta.

Ba wanda ya yi dariya. Mahfuza dai ta tsaya tana kallona, kallon da ya ɗan yi tsawo, sannan ta shige ɗaki. Ku riƙe wannan kallon, jama'a. Ni a lokacin gyaɗata na ci gaba da ɓara.

Assalamu alaikum 'yan uwana mata na wannan zaure, da mazan da ke laɓe suna karantawa suna cewa ba sa karantawa. Iya Zuwai ce. Da yatsa ɗaya nake rubutu, karatun yaƙi da jahilci ne, in kun ga kuskure ku tsallake. Sababbin zuwa, ga yadda muke. Mahfuza jikata ce, uwarta ta rasu tun tana firamare, a hannuna ta tashi. Ubanta ɗana ne na fari. Sunayen duk na sauya su, har nawa, kun san halin da ake ciki a ƙasarmu. Sauyin ma ya yi mini rana ta wani wajen. Mu mutanen dā ba ma kama sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba. "Kai", ko "mai gidan nan", ko in aika a ce wane ya zo. Amma tunda Hamidu ba sunansa na gaskiya ba ne, ga shi nan ina ta rubutawa son raina. Hamidu, Hamidu. Har wani daɗi nake ji.

Mu mutanen Ruma ne. Tashin hankali ya koro mu cikin Batsari, muka kama wannan gida mai ɗaki uku da falo, da ƙofar ƙarfe mai ƙara. Mahfuza ta yi karatun kwamfuta a birni ta dawo, tana yi wa wani kamfani aiki daga ɗakinta, da sola a kan rufi da batir a ɗakina, don nawa ya fi sanyi. Maƙwabta sun ɗauka buga takardun makaranta take yi wa mutane. Ni na bar su a haka. Ku da kuka san ni, kun san wannan shiru ya fi mini azumin bazara wuya.

Aikin da ya jawo rigimar nan, ita da bakinta ta yi mini bayaninsa wata rana ina taje mata kai. Wai akwai manyan kwamfutoci na ƙarfe jere a wasu gidaje masu sanyi can nesa. A cikin kowace ana gina wata kwamfutar da ba ta da jiki, ba ka taɓa ta da hannu, amma tana aiki kamar ta gaske. Wasu kuma, da yake mutum ba ya ƙoshi, sai su sake gina wata a cikin wannan ɗin. Ta ƙarfe, ta tsakiya, ta ciki. In ta ƙarfen ta gaji ko za a yi mata gyara, sai a kwashe ta tsakiya da duk abin da ke cikinta a mayar da ita wani ƙarfen, tana cikin aiki, ba a kashe ta ba. Mai amfani da ita ko ƙyaftawar ido ba zai lura ba.

"To mi ya dame ki a ciki?"

"Ta tsakiya tana isa lafiya, Iya. Ta cikin ce wani lokaci sai ta sandare. Ba ta mutu ba, ba ta motsi. Kuma ba kullum ba. A yi ta ƙaura lafiya lau, sai rana ɗaya kawai. Mutane da yawa sun duba sun gaji."

Na ajiye matajin. Na ce mata ranar da muka baro Ruma, kowa abin da hannunsa ya kai ya ɗauka. Ubanta takardun makarantarta ya cusa a cikin riga, ya bar rediyonsa da buhunan gero. Ni kuma kazata na ɗauka, tana kan kwanci, na zuba ta da ƙwan a kwando na rufe da zane, na ɗora a cinya a bayan babur. Kazar ta iso Batsari da ranta, har ta koma ta kwanta. Ƙwan ko ɗaya bai fashe ba. Ko ɗaya kuma bai ƙyanƙyashe ba.

Mahfuza ta ce, "Ba daidai haka ba ne. Amma kusa ne."

Tun damina take bin wannan abu har aka kai amfanin gona gida. Ta rame. Abinci sai na tsaya a kanta. Ta sa kwamfutocin su yi ta ƙaura, gaba da baya, tana jiran ranar da ta ciki za ta sandare don ta ga abin da ya faru a daidai lokacin. In netwok ya ɗauke sai ta hau kan katangar bayan gida da waya a hannu, ni kuma in tsaya a ƙasa ina cewa masu wucewa kitso take shanyawa. Rannan da hantsi na ji ta ƙwala ihu, na ɗauka kunama ce. Na tarar da ita a tsakar ɗaki ta yi sujada.

Ashe wani ɗan saƙo ne. Akwai saƙonnin da ake aika wa ta ciki, irin na "tashi, ga aiki ya zo". In aka ɗaga ta daidai lokacin da saƙon ya bar hannun ta tsakiya bai kai hannun ta ciki ba, sai ya faɗi a hanya. Tsohon gida ya ce ai na bayar. Sabon gida ya ce ni ba a ba ni komi ba. Ita kuwa baiwar Allah ta zauna tana jiran kiran da ba zai zo ba. Maganin da Mahfuza ta yi shi ne ta ƙara wata 'yar jaka a cikin kayan ƙaurar, inda za a sa duk saƙon da ke kan hanya a tafi da shi. Faci suke ce wa irin wannan gyara, kamar na taya.

Manhajar ba ta mutum ɗaya ba ce, aikin gayya ne na duniya. Wanda ya yi faci sai ya aika shi wani dandali na imel da kowa ke gani, kuma abin da ya shiga ba a gogewa. Akwai wani dattijo a wata ƙasa mai ƙanƙara da ke tsaron ƙofa, shi ke dubawa ya karɓa ko ya mayar. A ƙasan facin akwai layin wanda ya yi, yana sa hannu cewa nasa ne bai ɗauko na kowa ba. Akwai kuma layin wanda ya gwada. Duk aikin da Mahfuza ta yi a baya a ƙarƙashin kamfani ya ɓace. Wannan ne na farko da zai fita da sunanta.

Nan Faisal ya shigo.

Faisal ɗan Safana ne, asalinsu Zakka. Dogo, siriri, mai son hular zanna da turare mai sanyi. Yana kula da irin waɗannan manyan kwamfutoci a wani kamfani a Katsina, ƙarshen mako ya dawo gida. Manyansa sun zo gaisuwa, an karɓa, sa rana kawai ya rage. Ni "angona" nake ce masa, shi kuma ba ya zuwa sai da goro fari a aljihu, ya ce sadakina ne yake biya kaɗan-kaɗan. Mahfuza ta ba shi facin ya gwada mata a ƙarafan wajen aikinsa, ta yi masa alkawarin layin wanda ya gwada. Na ji su a zaure suna dariya, wai sunayensu za su riga su zama wuri ɗaya kafin ɗaurin aure.

Amma akwai abin da ke zuciyar yaron nan. Yayansa Armaya'u ya taɓa samun aiki a Abuja. Abokai suka sa hotonsa a waya da kwat, ana ta barka, ana ta alfahari da ɗan Zakka. Ya zo gida sallah. Ranar da aka sauko idi aka zo har ƙofar gida aka tambaye shi da sunansa, cikakke. Aka tafi da shi daji. An sayar da shanun gidan, an sayar da gona. Armaya'u bai dawo ba. Faisal ne ke ɗaga wayar mutanen dajin duk tsawon lokacin.

Ta ya Hamidu ya san sunan zai fita? Ni na faɗa masa. Ina zuba masa fura na ce ya shirya, ɗiyarsa za ta kai sunansa inda jirgi ma bai kai shi ba. Ai gida na faɗa wa, ba waje ba. Na ga ludayin ya tsaya a hannunsa. Kun san yadda sunanmu yake: naka, na ubanka, na garinku. Mahfuza Hamidu Ruma. Wanda ya karanta wannan ai an ba shi kwatance har ƙofar gida. Ashe ya fita ya kira Faisal. Da safiyar yau Mahfuza ta buɗe dandalin ta ga facinta, jakarta, kalmominta, da sunan Faisal a layin wanda ya yi.

To mu dawo inda muka tsaya. Bayan ta shige ɗaki, Hamidu ya zauna a falo ya kunna fanka ya kashe, ya sake kunnawa. Can ta fito ta yi alwala. Wayarta tana ɗakina a jikin batir, tana ta ƙyalli tana gurnani a kan akwatina. Ni fa ban taɓa ta da niyyar komi ba. Zanen da take yi da yatsa ta buɗe ne ya zauna mini a ido, ba laifina ba ne. Na buɗe, sai ga saƙonnin Faisal a jere.

"Salam Fuza. Don Allah ki ɗaga."

"Wallahi ba don kaina na yi ba."

"Baba ne ya kira ni. Ya ce in ina son ki da ranki in rufa masa wannan asiri."

"Dattijon ya amsa. Ya ce facin yana karya ƙaura in gidan da za a je tsohuwar manhaja gare shi. Kuma yana tambaya ta ya na gano inda saƙon ke faɗuwa. Me zan ce masa?"

"Fuza."

"Fuza ki yi magana ko zagi ne."

"Ina nan tafe bayan la'asar."

Na mayar da wayar yadda take, na goge tabon man gyaɗar da yatsana ya bari. Da ta shigo ɗauka na ce, ba tare da na kalle ta ba, "Wai ni jakar nan taki, duk gidan da aka je suna karɓarta?"

Ta dube ni, ta dubi wayar. Ba ta ma da ƙarfin yi mini faɗa.

"Tsohon faci ya tura, Iya. Wanda na ba shi tun farko. Gidajen da ke da tsohuwar manhaja ba su san jakar ba, da sun gan ta sai su ƙi karɓar baƙuwar gaba ɗaya, ƙaurar ta watse. Na gano haka da kaina tun makon jiya, na gyara. Yanzu jakar ba ta tafiya sai in da saƙo a cikinta. Jira nake in ƙara gwadawa in nuna masa." Ta zare wayar daga jikin batir. "Ko haƙurin ya tambaye ni wanne ne na ƙarshe bai yi ba."

Ta yi wanka. Ta sa doguwar riga ruwan toka da mayafi baƙi, ba hoda ba kwalli. Rabon da in ga ta shirya wa zuwan Faisal ba kwalli, ban ma taɓa gani ba.

Ana idar da la'asar muka ji babur a ƙofa. Yau ba a zaure ya tsaya ba, Hamidu ya ce ya shigo falo. Ya cire takalmi tun daga tsakar gida, shadda ruwan ƙasa duk ƙurar hanyar Safana, ya durƙusa nesa da kujera.

"Baba, barka da yamma. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya mutan gida? Ya Malam da jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Suna gaishe ku."

"Ya hanya?"

"Lafiya, Baba. Shiru dai yau."

Ya juyo wajena. "Iya, ina wuni?"

"Angona, yau ba sadaki?"

Ya taɓa aljihu, ba goro a ciki. Idonsa ja kamar wanda ya yi aikin barkono. Na ji kunyar wasan nawa, na ja bakina.

Mahfuza ta shigo da laftof, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, a ƙarƙashin takardar digirinta da ubanta ya sa wa gilas ya rataye a bango tun ranar da aka kawo ta. Ba ta gaishe da Faisal ba.

Hamidu ya gyara murya. "Magana ɗaya ce. Bature ya yi tambaya. Ki faɗa wa yaron nan amsa ya rubuta, ki ba shi gyararren ya tura, a wuce wurin."

"Yau in faɗa masa, Baba. Gobe dattijon ya sake wata tambayar. Baɗi wani abu ya lalace kusa da wurin, su nemi wanda sunansa ke kai. Haka za mu tsufa ina raɗa masa a kunne?"

Faisal ya ɗago kaɗan. "Ni ban ƙi ba. Ki yi ta raɗa mini har mu tsufa. In dai kina nan kusa da kunnen."

Wallahi jama'a, ni da nake tsohuwa sai da abin ya taɓa ni. Ita ma na ga leɓenta ya motsa.

"Fuza, ni na riƙe waya ina jin muryar Yaya Armaya'u tana ƙanƙancewa mako bayan mako. Har yau in baƙuwar lamba ta kira ni sai in kasa ɗagawa. Ba zan iya sake riƙe wannan wayar ba. Ba a kanki ba."

"Allah ya jiƙan Yaya Armaya'u."

"Amin," muka ce gaba ɗaya.

"Na san tsoronka, kuma ban raina shi ba. Da ka zo ka zauna ka faɗa mini haka, wataƙila da na haƙura na ajiye facin a akwati. Amma kai da Baba kuka zauna kuka yanke, ni ina ɗaki ina gyara abin da kuke rabawa." Ta juyo da laftof ɗin wajensa. "Karanta layin nan. Me mutum ke cewa in ya sa sunansa a nan?"

Ya kai ido kan layin, ita ta ba da amsar da kanta.

"Cewa yake ni na yi, ban ɗauko na kowa ba. Shaida ce, Faisal. Ka ba da ita a gaban duniya, ka san ba haka ba ne. Kai ne mutumin da zan tsaya a bayansa in yi sallah."

Kan yaron nan ya yi ƙasa har hularsa ta kusa faɗuwa.

Hamidu ya buga hannun kujera. "Wa'azi za ki yi mana? Ni na binne mutane a Ruma da hannuna! Na ce sunana ba zai fita ba, sunan garinmu ba zai fita ba!"

"Na ji, Baba. Ba zan sa naka ba. Ba zan sa Ruma ba."

"To in ban da su, ki sa duk abin da kika ga dama. Ki sa sunan tsuntsu ma in kina so."

"Ka yarda?"

"Na ce ki sa!"

Ta juya ga Faisal. "Saura kai. In na tura yanzu, ni za a ɗauka ɓarauniya, tunda naka ya riga shiga. Sai ka rubuta musu da hannunka cewa ba naka ba ne, ka janye."

"Kowa zai gani. Har mutanen wajen aikinmu."

"Kowa zai gani."

Ya daɗe yana kallon wayarsa. Fanka na juyawa, awakin maƙwabta na kuka a bayan katanga. Sannan ya fara rubutu, ya goge, ya sake. Da ya gama bai tura ba, sai ya miƙo mata ta karanta. Ta karanta har ƙasa, ta mayar masa. Ya danna. Na ji numfashin da ya sauke daga inda nake zaune.

Ita kuma ta sunkuya a kan laftof. Ta rubuta wa dattijon bayani, doguwar magana, ba ta tsaya tunani ba, don abin a cikin kanta yake kwana yake tashi. Ta haɗa da sabon facin. Kafin ta danna sai ta ɗago ta yi mini kallon nan na ɗazu. A nan gabana ya faɗi, amma kafin in haɗa magana ta riga ta danna.

Wayar Faisal ta yi ƙara. Ya duba, ya rufe baki da hannu. "Kin bar ni a layin wanda ya gwada."

"Ai ka gwada. Wannan gaskiya ne."

Hamidu ya jingina da kujera, ya ja carbinsa. Fuskarsa ta ɗan saki. "To alhamdu lillahi. Kai, karanta mini in ji wane suna ta ƙirƙiro."

Faisal ya sake duba wayar. Ya dube ni. Ya dubi ƙasa.

"Da kai nake."

"Mahfuza Zuwairatu."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Baba."

"Sake karantawa."

Ya sake.

Carbin ya tsaya. Hamidu ya ɗaga kai ya dubi takardar da ke bango, wadda ya biya aka sa wa gilas, mai suna uku a jere. Ya daɗe a kanta.

"Na ɗauka wani sunan wasa za ki sa," ya ce, a hankali ƙwarai. "Ki ɓoye gaba ɗaya. Ashe naki za ki bari, ki cire nawa."

"Baba, kai ka ce..."

"Na ce. Ni na ce." Ya gyaɗa kai. "A garinmu wace irin ɗiya ake kira da sunan mace, Mahfuza? Ke da kika yi karatu, faɗa mini."

Dukanmu mun sani. Ɗiyar da ba a san ubanta ba.

"Ni na yanka miki rago a Ruma. Ni na ɗauko takardunki a cikin rigata, harsashi na wucewa, don kada sunan nan ya ƙone." Ya juya ga Faisal. "Ana gogewa?"

"Ba a gogewa, Baba."

Na ce, "Wasa fa na yi ɗazu. Kowa ya san bakina."

Ko kallona bai yi ba. Laftof ɗin ya yi 'yar ƙara, alamar amsa ta shigo daga ƙasar ƙanƙara. Amsar da yarinyar nan ta rame tana jira tun damina. Ba wanda ya kai ido wurin. Hawaye na bin fuskarta, ta matsa da gwiwa ta kama gefen rigarsa. Ya zare rigar a hankali, kamar mai cire ta daga ƙaya.

Ya fita tsakar gida, ya zura takalmi, ƙafa ɗaya nasa, ɗaya na Faisal. Na miƙe ban san lokacin da na miƙe ba, gwiwar da ke hana ni ruku'u ko jin ta ban yi ba. Na ce, "Kai!" Bai juyo ba. Na ce, "Mai gidan nan!" Ya ci gaba da tafiya.

Sai na kira shi da sunansa. Ba Hamidun da nake rubuta muku ba, na gaskiyar, wanda liman ya raɗa masa a kunne ina ɗaki ina jego, wanda na riƙe a bakina har gashinsa ya yi furfura. Ya fito mini wani iri, kamar ba da harshena ba.

Ya tsaya. Hannunsa a kan ƙofar ƙarfen, bayansa gare mu. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga sun sauka.

Sannan ya fita, ya fizgo ƙofar da dukan ƙarfinsa. Garam!